Noman Tattalin Ƙasa da Ragowar Maganin Ciyawa a Gona

Gabatarwa

Manomi yakan yi huɗa saboda dalilai biyu: ya sassauta ƙasa domin saiwar shuka ta sami hanya, ya kuma binne ciyawa tun kafin ta fi ƙarfinsa. Saboda haka duk wanda ya jingine garma, tilas ne ya nemi wata dabarar yaƙi da ciyawa. A manyan gonakin Amurka da Birazil da Ajantina da Ostireliya, inda noma ba tare da huɗa ba ya fi samun karɓuwa, maganin feshi ne ya gaji wannan aiki na garma. To amma maganin da aka fesa ba ya ƙarewa ranar da ciyawa ta yi yaushi ta mutu. Wani kaso nasa yakan saura a cikin ƙasa har tsawon makonni ko watanni, wani ma shekaru, ko dai a kamanninsa na asali ko kuma bayan ya rikiɗe ya zama wani sinadarin dabam. Wannan kaso shi ne masana kimiyyar ƙasa suke kira ragowar magani.

Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara 40 suna bincike a kanta ita ce: idan aka daina huɗa, ragowar magani ƙaruwa take yi ko raguwa? Tambayar tana da nauyi, domin ragowar da ta daɗe a gona takan ƙone shukar baɗi, wadda ta bi ruwa kuma takan isa rijiya ko rafin da jama'a suke sha. Abin da bincike ya nuna shi ne, barin huɗa yana sauya wurin da ragowar take zama da hanyar da take bi ta fita daga gona. Yawanta kuwa ya dogara da irin maganin, da kaurin karan da aka bari a bisa ƙasa, da halittun da ke raye a cikin ƙasar, da kuma ranar da ruwan farko ya sauka bayan feshi.

Asalin noman tattalin ƙasa

Tarihin wannan noma ya faro ne daga wata masifa. A shekarun 1930 fari mai tsanani ya faɗa wa filayen tsakiyar Amurka, musamman jihohin Kansas da Oklahoma da Teksas. Kafin lokacin manoma sun kafce makiyayar da ciyawarta ta daɗe tana riƙe da ƙasa, suka mai da ita gonakin alkama. Da ruwa ya ɗauke, sai iska ta riƙa kwashe ƙasar sama tana tafiya da ita. A watan Mayun 1934 ƙurar ta kai har birnin Washinton, a ranar 14 ga Afrilun 1935 kuma aka yi guguwar da ta mai da rana tsaka kamar dare. A cikin wannan shekara gwamnatin Amurka ta kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin jagorancin Hugh Bennett. A 1943 wani masanin aikin gona, Edward Faulkner, ya wallafa littafi mai suna Plowman's Folly, wato wautar mai huɗa, inda ya ɗora laifin lalacewar ƙasa a kan garmar da ke kifar da ita.

Ra'ayin Faulkner bai sami mabiya da yawa nan take ba, domin babu abin da zai kashe ciyawa idan an ajiye garma. Magungunan feshi ne suka buɗe wannan ƙofa. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara sayar da maganin da ake kira 2,4-D. A 1958 kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ya fito da atarazin, a farkon shekarun 1960 kuma kamfanin ICI na Ingila ya fito da farakwat, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone. A 1962 wani manomi a jihar Kentaki, Harry Young, ya shuka masara a fili da bai kai eka ɗaya ba, ba tare da ya yi huɗa ba. Bayan shekara 10, a 1972, Herbert Bartz ya fara irin wannan noma a Rolandiya ta jihar Parana a kudancin Birazil. Sai kuma gilifoset, wanda John Franz na kamfanin Monsanto ya gano ƙarfinsa a 1970, aka kuma shigar da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Daga 1996, lokacin da aka fito da irin waken soya mai jure wa gilifoset, noma ba huɗa ya bazu cikin sauri, har ya mamaye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa a Ajantina.

Noman tattalin ƙasa, a ma'anar da aka saba amfani da ita a Amurka, shi ne duk tsarin da zai bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar gona a lulluɓe da kara da ganye da tushiyar amfanin bara, bayan an gama shuka. Yana da nau'o'i. Akwai wanda ba a taɓa ƙasar sam, sai dai injin shuka ya tsaga siririn layi ya zuba iri. Akwai wanda ake kafce layin shuka kaɗai a bar tsakanin layuka. Akwai kuma wanda ake shuka a kan tsohuwar kunya ba tare da an rushe ta ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tsarin a kan sharuɗɗa uku: rage motsa ƙasa, da lulluɓe ta a kowane lokaci, da sauya amfanin da ake shukawa. An ƙiyasta cewa a kakar noma ta 2018/2019 gonakin da ke bin wannan tsari a duniya sun haura hekta miliyan 200.

Makomar magani bayan feshi

Kafin a fahimci tasirin barin huɗa, wajibi ne a san abin da ke samun magani idan ya sauka a gona. Wani kaso hasken rana ne yake lalata shi, ko ya zama tururi ya bi iska. Wani yakan manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen tsiro, wato baƙin sinadarin da ganye da saiwa suke komawa idan sun ruɓe. Wani kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani, irin su bakteriya da fumfuna, su ne suke cinye shi su farfasa shi. Abin da ya rage sai ruwa ya ɗauka, ko dai ya gangara da shi zuwa rafi, ko ya tsiyaye da shi zuwa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Ma'aunin da masana suke amfani da shi wajen gane daɗewar magani shi ne rabin wa'adi, wato kwanakin da rabin maganin zai ɗauka kafin ya lalace. Alal misali, idan rabin wa'adin magani kwana 60 ne, to bayan kwana 60 rabi zai saura, bayan kwana 120 kashi ɗaya cikin huɗu, bayan kwana 180 kuma kashi ɗaya cikin takwas. Wannan adadi ba tsayayye ba ne. Zafi da danshi suna gajarta shi, sanyi da fari kuma suna tsawaita shi, domin ƙananan halittu ba sa aiki a busasshiyar ƙasa ko daskararriya.

Magunguna uku da aka ambata a baya kowanne da halinsa. Atarazin ba ya manne wa ƙasa da ƙarfi, kuma rabin wa'adinsa a gonakin ƙasashe masu sanyi yakan kai kimanin wata biyu. An yi shi ne domin ya zauna a ƙasa ya kashe ciyawa tun tana tsira, don haka daɗewarsa tana cikin amfaninsa, tana kuma cikin haɗarinsa. Gilifoset ta ganye yake kashe ciyawa. Da ya taɓa ƙasa sai ya kama sinadaran ƙarfe da alminiyam da ke jikin yumɓu, ƙarfinsa a kan tsiro ya ragu ƙwarai, shi ya sa ake iya shuka jim kaɗan bayan feshinsa. Idan ƙananan halittu suka farfasa shi, yakan koma wani sinadari da ake kira AMPA, wanda ya fi shi daɗewa. Farakwat kuwa yana ƙanƙame yumɓu ta yadda tsiro ba ya iya shansa, ƙananan halittu ma da ƙyar suke kai gare shi, saboda haka yakan shekara da shekaru a inda ya sauka.

Lulluɓin kara

Abu na farko da ke bambanta gonar da ba a huɗe ba shi ne lulluɓin da ke kanta. Feshi a irin wannan gona kara yake fara samu kafin ƙasa. Idan lulluɓin yana da kauri, yakan tare kaso mai yawa na maganin, a wasu gonaki ma fiye da rabi. Abin da ya maƙale a jikin kara yana fuskantar rana da iska, saboda haka wani ɓangarensa yakan lalace ko ya tashi tun bai isa ƙasa ba. Sauran yana nan yana jiran ruwan sama ya wanko shi. Sabon kara mai santsi yakan saki magani da sauƙi, wanda ya fara ruɓewa kuwa yakan riƙe shi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan.

Ta fuskar ragowa wannan alheri ne, domin abin da ya shiga ƙasa ya ragu. Ta fuskar manomi kuwa akwai matsala. Maganin da bai isa ƙasa ba bai kashe ciyawar da ke tsirowa ba, wannan kuma yakan sa manomi ya ƙara yawan abin da yake fesawa ko ya sake feshi. Haka kuma akwai magunguna masu saurin tashi, irin su tirifuluralin, waɗanda asalinsu sai an cuɗanya su da ƙasa nan da nan bayan feshi. Irin waɗannan suna da wuyar sarrafawa a gonar da ba a motsa ƙasarta.

Ƙasar sama

Garma takan juya ƙasa har zurfin santimita 20 zuwa 25, ta gauraya duk abin da ke sama da na ƙasa. Idan aka yi shekaru ba a yi huɗa ba, sai gona ta zama hawa-hawa. Ruɓaɓɓen tsiro da taki da saiwoyi da ƙananan halittu duk sukan taru a santimita biyar na sama. Ragowar magani ma nan take taruwa.

Abubuwa biyu masu karo da juna suke faruwa a wannan siririn hawa. Yawan ƙananan halittu da danshin da lulluɓi yake tsarewa suna hanzarta farfasa magani. A ɗaya gefen kuma, yawan ruɓaɓɓen tsiro yana kama maganin ya ɓoye shi inda halittun ba za su same shi ba, sannan inuwar lulluɓi tana sanyaya ƙasa, wanda a ƙasashe masu sanyi yake rage kuzarin halittun a farkon kakar shuka. Wanda ya rinjaya a cikin biyun shi yake yanke hukunci. Wannan ne dalilin da ya sa wasu gwaje-gwaje suka nuna magani ya fi saurin lalacewa a gonar da ba a huɗe ba, wasu suka nuna akasin haka, wasu kuma ba su ga bambanci ba. Wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Lionel Alletto, sun tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje a 2010. Sun tarar da cewa tarewar lulluɓi da ƙaruwar mannewa a saman ƙasa abubuwa ne da kusan kowa ya yarda da su, amma a kan saurin lalacewa sakamakon ya rarrabu.

Su ma ƙananan halittun sukan saba da magani. A 1995 masana a Jami'ar Minnesota suka bayyana wata bakteriya da ke iya farfasa atarazin baki ɗaya ta yi amfani da sinadarin naitirojin da ke cikinsa a matsayin abinci. Daga baya aka gano cewa a gonakin da aka daɗe ana fesa atarazin kowace shekara, irin waɗannan halittu sukan yawaita, har maganin ya riƙa ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Ragowa takan ragu a irin wannan gona, sai dai ciyawa ma takan dawo da wuri.

Akwai kuma batun tsamin ƙasa. Takin zamani mai naitirojin, kamar yuriya, yana sa ƙasa tsami sannu a hankali. Inda ake huɗa, tsamin yakan bazu cikin ƙasa mai yawa. Inda ba a yi, sai ya taru a sama. Binciken da aka gudanar a Jami'ar Kentaki ya nuna cewa atarazin yana saurin lalacewa a irin wannan ƙasa mai tsami, ƙarfinsa na kashe ciyawa kuma ya ragu. Idan manomi ya barbaɗa farar ƙasa da yawa domin ya kashe tsamin, ba tare da ya cuɗanya ta ba, sai lamarin ya juye: saman ƙasa ya koma mai kanwa-kanwa, atarazin da dangin magungunan da ake kira salfonilyuriya su daɗe fiye da yadda aka zata. Wasu magungunan kuma, irin su imazakwin, a ƙasa mai tsami suka fi daɗewa. Gilifoset yana da nasa labarin da takin fosfet, domin wuri ɗaya suke kamawa a jikin yumɓu. Idan fosfet ya yi yawa a saman ƙasa, yakan ture gilifoset daga mazauninsa ya bar shi a sake.

Hanyoyin ruwa

Babbar fa'idar noman tattalin ƙasa ita ce hana zaizaya. Lulluɓi yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, yana kuma rage gudun kwarara. Saboda haka magungunan da ke manne da ƙwayar ƙasa, irin su gilifoset da farakwat, ba sa samun abin hawa zuwa rafi kamar yadda suke samu a gonar da aka kafce. A tashar binciken ruwa ta Coshocton a jihar Ohayo, an shafe shekaru ana noman masara ba huɗa a gangaren tudu, aka ga ruwan da ke gangarowa daga gonar ya ragu matuƙa.

To ina ruwan ya tafi? Cikin ƙasa ya shige. Gonar da garma ba ta taɓawa takan cika da ramukan tana da gurabun tsofaffin saiwoyi da tsagogi, waɗanda huɗa ce a da take rushe su kowace shekara. Akwai wata babbar tana a Turai da Arewacin Amurka da ke haƙa rami a miƙe, zurfinsa fiye da mita ɗaya, bakinsa kuma a buɗe a ƙarƙashin kara. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ruwan yakan bi waɗannan ramuka kai tsaye, ya tsallake hawan sama inda ruɓaɓɓen tsiro da ƙananan halittu suke, ya sauke magani a zurfin da babu mai farfasa shi sosai. Masanan Coshocton sun nuna cewa ruwan farko bayan feshi shi ne mafi muhimmanci. Idan yayyafi ne, yakan wanke maganin a hankali ya shigar da shi jikin ƙasar sama inda zai manne, ta yadda ko an yi ruwa mai ƙarfi daga baya kaɗan ne zai bi rami. Idan kuwa mamako ne ya fara sauka, abin da zai tsiyaye yakan ninka.

Galibi abin da ruwa yake fitarwa daga gona bai wuce kashi ƙalilan cikin 100 na abin da aka fesa ba. Amma ma'aunin ruwan sha yana da tsauri. Tarayyar Turai ba ta yarda kowane maganin gona ya wuce maikirogiram 0.1 a lita ɗaya ba, wato giram ɗaya a cikin lita miliyan 10. Amurka ta sa iyakar atarazin a maikirogiram 3. Idan aka ɗauka an fesa kilo ɗaya a hekta guda, kashi ɗaya cikin 100 ya fita, giram 10 ke nan, wanda ya isa ya kai lita miliyan 100 bakin iyakar da Turai ta gindaya. Jamus ta haramta atarazin a 1991, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2004 saboda yawan samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fiye da shekara 20 bayan haramcin, an ci gaba da ganin burbushinsa a wasu rijiyoyin gwaji na Jamus. Maganin da ya wuce hawan sama ya isa can ƙasa, inda babu zafi kuma halittu ba su da yawa, yakan daɗe fiye da duk lissafin rabin wa'adi da aka yi a saman gona.

Yawan feshi

Duk bayanin da ya gabata ya shafi makomar feshi guda ne. Amma ragowa tana da alaƙa da yawan feshin da ake yi a shekara. A gonar da ba a huɗe ba akan yi feshi kafin shuka domin a ƙone ciyawar da ta riga ta fito, a sake yi bayan shuka, a wasu wurare kuma a yi a tsakanin kaka da kaka domin gonar ta zauna fes. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gonakin lardin Entre Rios na Ajantina ya nuna cewa ana sake fesa gilifoset tun na baya bai gama lalacewa ba, har ya zama gilifoset da AMPA ba sa rabuwa da ƙasar. Wannan ba matsalar noma ba huɗa kaɗai ba ce. A 2018 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun ba da rahoton gwajin ƙasar sama daga gonaki 317 a ƙasashe 11 na Turai, inda yawancin manoma suke huɗa, suka sami gilifoset ko AMPA a kashi 45 cikin 100.

Dogaro da magani ɗaya ya haifar da ciyawa mai taurin kai. A 1996 aka fara samun ciyawar da gilifoset ba ya kashewa a Ostireliya, a 2000 kuma aka sami wata a gonakin waken soya da ba a huɗa a jihar Delaware ta Amurka. Da abin ya yawaita, manoma suka koma haɗa gilifoset da magungunan da ke daɗewa a ƙasa, wasu kuma suka sake ɗauko garma. An gudu ba a tsira ba ke nan. Manoman da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka cika sharaɗi na uku, wato sauya amfanin gona, suka kuma riƙa shuka tsire-tsiren lulluɓi, irin su hatsin rai da dangin wake, waɗanda suke danne ciyawa da inuwarsu su rage bukatar feshi.

Shukar baɗi

Illar da manomi yake gani da idonsa ita ce ta shukar da ke biyo baya. Masara da dawa suna jure wa atarazin, waken soya da sauran dangin wake kuwa ba sa jurewa. Idan aka yi fari bayan feshi, maganin bai lalace ba, sai waken da aka shuka a shekara ta gaba ya fito da ganye rawaya, gefensa a ƙone, wani ma ya mutu. A gonar da ake huɗa, garma takan tsarma ragowar a cikin ƙasa mai zurfi har ƙarfinta ya ragu. A gonar da ba a huɗa, ragowar tana nan a daidai zurfin da ake sa iri.

Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona suke koyarwa. 'Yan makonni kafin shuka, sai a ɗebo ƙasa daga wurare dabam-dabam na gonar, a zuba a tukwane, a ɗebo wata daga wurin da ba a taɓa feshi ba a zuba a wasu tukwanen, a shuka irin da ake niyya a dukansu. Bayan mako biyu zuwa uku bambancin zai bayyana idan akwai shi. Wanda ba ya huɗa, ƙasar santimita biyar na sama ya kamata ya ɗiba, domin idan ya haɗa da ta ƙasa zai tsarma ragowar da hannunsa, gwajin ya ba shi amsar da ba ta dace da gonarsa ba.

Darasi ga Afirka ta Yamma

Ko da yake yawancin wannan bincike a nahiyoyin Amurka da Turai aka yi shi, batun ya daɗe da isowa Afirka ta Yamma. A shekarun 1970, Rattan Lal, wanda ya sami Lambar Abinci ta Duniya a 2020, ya gudanar da gwaje-gwaje a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, inda ya nuna cewa shuka ba huɗa tare da lulluɓi tana rage zaizaya ƙwarai. A shekarun 1990 cibiyar binciken amfanin gona ta Kumasi da shirin Sasakawa Global 2000 sun yaɗa wannan noma a tsakanin ƙananan manoman Gana. A jigawar arewacin ƙasar Hausa ma, shuka da sungumi ba tare da huɗa ba tsohuwar al'ada ce. Sabon abu shi ne maganin feshi, wanda ya yaɗu saboda tsadar 'yan ƙwadago.

Bambancin da ke akwai shi ne na lulluɓi. A ƙasar Hausa kara dukiya ne: da shi ake danga da zana, da shi ake hura wuta, karmami da harawa kuma abincin dabbobi ne. Abin da ya saura a gona shanu da gara sukan gama da shi kafin damina. Ken Giller da abokan aikinsa sun ja hankali kan wannan a 2009, inda suka nuna cewa ƙaramin manomin Afirka ba shi da rarar karan da zai bar wa ƙasa. Bugu da ƙari, ƙasar wannan yanki tana da yashi da yawa, ruɓaɓɓen tsiron da ke cikinta kaɗan ne, yumɓunta kuma ba mai riƙo ba ne sosai. Maganin da ya sauka a kanta ba shi da karan da zai tare shi, ba shi kuma da wadataccen abin da zai manne wa, ga ruwan farkon damina da yakan zo da ƙarfi. Zafin ƙasa yana taimakawa wajen lalata magani muddin akwai danshi, amma da rani ya shiga aikin yakan tsaya. Daɗin daɗawa, manomi a nan yakan haɗa dawa ko masara da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, alhali maganin da ya dace da na farko yana cutar da na biyu. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta tsayar da farkon 2024 domin janye farakwat, da farkon 2025 domin janye atarazin, amma ƙa'idojin da aka bayyana suna aiki a kan duk maganin da zai maye gurbinsu.

Kammalawa

Noman tattalin ƙasa ya magance matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta, wato zaizaya, ya kuma rage maganin da ke bin laka zuwa rafi. A madadin haka ya tara ragowa a hawan da ake sa iri, ya buɗe wa ruwa ramukan da za su iya kai magani can ƙasa. Kariyar da tsarin yake bayarwa daga lulluɓi take fitowa, da ruɓaɓɓen tsiro da halittun da lulluɓin yake ciyarwa, waɗannan kuwa sai an yi shekaru ana barin kara kafin su taru. Manomin da ya ajiye garma, ya kwashe kara, ya ɗauki injin feshi, ya karɓi haɗarin tsarin ne ba tare da kariyarsa ba. Abin da ya rage gare shi shi ne ya bar wa gona gwargwadon karan da zai iya, ya guji feshi idan hadari ya haɗu, ya tsaya kan awon da aka rubuta a jikin kwalba, ya nisanci bakin rijiya da rafi, sannan kafin ya sa wake inda ya fesa wa masara magani bara, ya gwada ƙasar a tukunya.